Faifai a Firizar Mma Lariba

Mako uku kacal Ziblim ya yi a Akra, amma yau shekara huɗu ke nan bai gama ba da labarin ba. Waɗanda suka san gaskiya sun ce murfin waya ya taya wani kawunsa sayarwa a bakin titi. Shi kuwa cewa yake yi kwas ɗin kwamfuta ya je, kuma tun ranar da ya dawo Sabonjida ya hana a kira sunansa tsura, sai an ɗora masa Injiniya a gaba. Yana da baƙar jaka, da sukudireba uku, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba. Abin da ya rage masa shi ne aiki guda babba da unguwa za ta yi ta maganarsa, daga nan ya buɗe ofis mai gilashi, mutane su riƙa zuwa daga unguwannin Kasalgu da Bulpiela suna bin layi. Har kalar labulen ofishin ya riga ya zaɓa.

Aikin ya same shi wata Alhamis da hantsi, a shagon Mulikatu mai surfani.

Mulikatu tana da injin surfani mai karɓar zane daga kwamfuta. Manhajar da take zana furanni da ita tsohuwa ce, ba ta shiri da kwamfutar zamani. Saboda haka ƙaninta Yazeed, kafin aiki ya kai shi Kumasi, ya tattara tsohuwar kwamfutarta gaba ɗaya ya mai da ita fayil guda babba, ya zaunar da ita cikin sabuwar a kan wani faifai na daban. In Mulikatu ta taɓa hotonta sai taga ta buɗe, ta farka ta ci gaba da aiki kamar dā. Masu sana'ar suna da sunan da suke kiran irin wannan, ita kuwa Tsohuwa take ce mata. Duk mako kwamfutar tana kwafe Tsohuwa zuwa wani ƙaramin faifai na waje don ajiya. To, mako uku ke nan kwafin yana tsayawa a kashi saba'in da uku, sai jan rubutu ya fito cewa an kasa karanta faifai.

A cikin Tsohuwa akwai zanen shekara goma sha ɗaya, amma guda ɗaya ne ya hana Mulikatu cin abinci. Aminiyarta Azeta, kafin ta rasu, ta zauna a kan bencin shagon nan suka zana wani fure tare, reshe bakwai da 'yan ganye masu lanƙwasa, ta ce kada a ɗinka wa kowa shi sai ranar auren 'yarta Zuhuratu. Takardar da suka yi zanen a kai ta daɗe da ɓata. Auren kuwa ranar Lahadi ne, farin mayafin amarya yana ninke a kwaba yana jira.

Lokacin da Ziblim ya leƙo, Mulikatu tana waya da Yazeed. Ya tsaya a ƙofa ya saurari komai. Yazeed ya ce faifan ciki ne yake mutuwa, amma kwafi mai kyau na ƙarshe yana nan lafiya a kan na waje. Ta kwafe furen zuwa pendiraif, ta kashe kwamfutar, kada kowa ya taɓa komai, shi yana hanya ranar Asabar da yamma.

Tana ajiye waya Ziblim ya shigo yana girgiza kai kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya ce ya ji shawarar da aka ba ta, kuma ya tausaya mata. Wai buɗe fayil a kan faifai mara lafiya shi ke yaga shi, ana taɓa furen zai tsinke. Ya jero kalmomin Turanci uku a numfashi ɗaya. Mulikatu dama tsoro ya riga ya kama ta, sai ta tambaye shi me ya kamata a yi.

"Sista Mulika, ki bar mini. Irin wannan a Akra kafin koko ya huce nake gamawa. Ba matsala koraa, ko kaɗan."

Da ta tambaye shi ladan aikinsa, ya ce shi ba ya karɓar komai a hannun 'yar unguwa, sai dai ta ɗinka masa sunansa a bayan riga da manyan baƙaƙe, don talla. Ita ma don ta rabu da maganar ta buɗe Tsohuwa, ta rubuta abin da ya faɗa mata, ta aika shi cikin pendiraif ɗin da ke soke a bayan kwamfuta. Minti goma aikin ya ci, kuma Tsohuwa ba ta ko yi tari ba. Sai Mulikatu ta ce tunda ga shi a buɗe, bari ta kwafe furen ma. Ziblim ya janye hannunta daga kan tebur a hankali, ya ce injiniya ba ya kwashe kaya ɗai-ɗai, gidan gaba ɗaya zai ɗauke.

Yana jan kujera ƙafarsa ta bugi wani buhu a bayan ƙofa. Al'adar Mulikatu ce ba ta ɗora zane a kan kayan mutane sai ta gwada shi a kan ƙyalle, don ƙaramin allon injin ya daɗe da tsagewa, ba ya nuna komai sai lamba. Ƙyallayen gwajin kuma ba ta zubarwa. Ziblim ya dubi buhun ya yi dariya, ya ce a zamanin nan har da mai tara tsummoki.

Daga nan ya shiga bincike irin na masana, wato ya ɗaga ƙaramin faifan waje, ya kai shi kunne, ya shinshina. Ya ce ya gano cutar. In ana zuba ruwa a randa ya ƙi shiga, ai randar ce ta cika, ba rijiyar za a zarga ba. Magani shi ne a juye randar. Kwamfutar ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata yana son share duk abin da ke kan faifan. Ya waiwaya ya ce wa Mulikatu ta ga rashin kunya, wai shi ake tambaya ko ya tabbata. Ya danna. Cikin ƙiftawar ido kwafi mai kyau na ƙarshe ya bi iska.

Mma Lariba, mai sayar da sobolo, wato zoɓo, da ruwan sanyi a shagon da ke manne da na Mulikatu, ta jawo kujerarta bakin ƙofa don kallo. Dattijuwa ce mai baki, ta san Ziblim tun yana yawo ba wando. Aka sake kunna kwafi. Kashi goma, talatin, sittin. Ziblim ya harɗe ƙafa yana bayanin yadda ake yi a Akra. Saba'in da ɗaya, saba'in da biyu, saba'in da uku. Jan rubutu ya fito.

Mma Lariba ta ce, "Injiniya, ta tsaya inda ta saba tsayawa."

"Hutawa take yi, Mma."

"Yoo. Wannan jan rubutun kuma, barka da hutu take mana?"

Ya sake kunnawa sau uku, sau uku tana tsayawa a wuri ɗaya, faifan ciki kuwa ya fara wani ƙas-ƙas da bai saba yi ba. Bayan la'asar Ziblim ya buɗe ma'ajiyar da Tsohuwa take zaune. Ya ga babban fayil ɗin, ga wasu ƙanana guda huɗu kusa da shi masu suna iri ɗaya, sai lambar ƙarshe ce ta bambanta. A cikinsu ne Tsohuwa take rubuta duk abin da ya ƙaru tun lokacin da Yazeed ya zaunar da ita, amma Ziblim bai san haka ba, kuma bai ga wanda ya isa ya tambaya ba. Ya ce ga ɓarayin nan ya kama su, 'yan cin arziki ne da suka maƙale wa babban suna hana shi motsi. Ya share su, ya bi su kwandon shara ya sake sharewa don kada su dawo. Da aka taɓa hoton Tsohuwa, ta ƙi farkawa.

Washegari Juma'a da safe Mulikatu ta kira Yazeed ta zayyana masa abin da aka yi. Yazeed ya ce, "Yaya, don Allah wa ya taɓa?" Ziblim ya karɓe wayar ya fara masa darasi a kan randa da rijiya. Yazeed ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, a kashe kwamfutar a bar faifan yadda yake, wataƙila a iya tsamo wani abu in ya zo. Ziblim ya ce ba ya ji sosai, sabis ba kyau, ya kashe.

Mulikatu ta sa shi ya rantse ba zai kunna kwamfutar ba, sannan ta tafi gidan amarya don ta shaida wa Hajiya Memunatu, gwaggon Zuhuratu, cewa mayafi zai ɗan makara. Ziblim mutum ne mai cika alkawari. Bai kunna ba. A kashe ya kwance ta da sukudireba, ya zaro faifan. Ya taɓa ganin wani bidiyo a waya inda aka ce sanyi yana farfaɗo da faifai. Bai kalli bidiyon har ƙarshe ba, amma ya ga farkonsa sau biyu. Ya zura hannu cikin buhun da ya yi wa dariya, ya jawo wani koren ƙyalle ba tare da ya duba ba, ya naɗe faifan, ya nufi maƙwabta.

Mma Lariba ta tsaya a gaban firizarta ta riƙe ƙugu. Ta ce shekara ashirin tana sana'ar nan, ta sa kifi, ta sa nama, ta taɓa ajiye wa wani maganin ciwon suga, amma ba a taɓa kawo mata ƙarfe ba.

"Zazzaɓi yake yi, Mma. Kwana ɗaya kawai."

"In zazzaɓi ne ka kai shi asibiti. In ya sha mini sobolo fa?"

Da ƙyar ta yarda, ta ce dai ba ruwanta. Ya tura ƙunshin can ƙasa, tsakanin ledojin sobolo. Da azahar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan awa biyar. Ƙanƙara ta narke, ledoji biyu suka fashe, wuta ta dawo komai ya sake daskarewa.

Ita kuwa Mulikatu, tana dawowa ta ga kwamfutarta a buɗe hanji waje. Sai ta tuna cewa ranar da suka gama zanen ita da Azeta, ita da kanta ta gwada shi a kan ƙyalle, kamar kullum. Ta juye buhun a tsakar shago, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi. Babu shi. Ta zauna cikin tsummokin ta yi kuka, kukan furen da na mai furen gaba ɗaya. Ziblim ya tausaya mata ƙwarai. Ya ce ta share hawaye, zamanin ƙyalle ya wuce, gobe war haka za ta yi dariya.

Asabar da sassafe ya je ɗaukar majinyacinsa. Abin da ya fito da shi jan dunƙulen ƙanƙara ne kamar bulo. Ya fasa shi da sukudireba a gaban masu sayen waake, shinkafa da waken safe, ya ɓamɓare ƙyallen ya jefar a bahon wanke-wanken Mma Lariba, ya shanya faifan a kan kwanon rufi minti ashirin. Wani mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya ya tambaya ko kilishi ake yi. Ziblim ya ce jahilci ne ke damun garin nan. Ya mayar da faifan, ya kunna. Faifan ya yi ƙas sau biyu, ya saki wani wari mai haɗe da citta da kanumfari, ya yi shiru.

A nan ne gumi ya karyo wa Ziblim a karon farko. Ya ga ofishin gilashi yana nisa, da labulensa da komai. Amma ya yi ta maza, ya sauko da wata manhajar neman ɓatattun fayiloli, ya ce ta bincika duk abin da ke jone da kwamfutar. Ta yi ta juyi har kusan azahar, sannan ta ce ta sami fayil ɗaya na surfani. Bai tsaya duba inda ta same shi ba. Da ya duba, da ya ga a cikin pendiraif ne, wanda ke soke a baya tun ranar Alhamis.

Ya fita bakin titi ya ɗaga hannu sama ya sanar da Sabonjida cewa fure ya dawo.

An yi dace, ko kuma an yi rashin dace, Mulikatu ba ta nan. Ta riga ta fid da rai, ta ɗaure mayafin a firam da nufin ta gwada zana abin da ta tuna da hannu, sannan ta shiga gida yin salla. Daidai lokacin Hajiya Memunatu ta iso da mata shida don su ga inda aka kwana, cikinsu har da Faridatu, malamar makaranta, 'yar'uwar amarya. Mma Lariba ta jawo kujera. Masu wucewa suka tsaya. Ziblim bai taɓa samun taro irin wannan ba, kuma ba shi da niyyar ɓata shi.

Hajiya ta ce a jira mai shago. Mma Lariba ta ce mai shago ba ta ɗora komai sai ta gwada a ƙyalle. Ziblim ya ce gwaji na mai shakka ne. Ya ɗauki firam ɗin ya maƙala a injin, ya soka pendiraif, tsagaggen allon ya nuna lamba ɗaya, ya danna kore. Allura ta fara gudu da zaren zinare.

Ta sauko da layi ɗaya miƙaƙƙe. Ziblim ya ce wannan shi ne karan furen. Mata suka ce masha Allah. Ta matsa gefe ta yi wani layin, ta karkata, ta sake miƙewa. Ya ce rassa ne. Hajiya ta gyara tabarau ta ce ita a saninta furen Azeta ba shi da kusurwa haka. Ya ce kwamfuta ta gyara shi ya dace da zamani. Allura ta yi wani abu mai kama da ƙugiya. Ya ce ganye ne mai lanƙwasa, ko ba a ce akwai lanƙwasa ba?

Faridatu ta zagayo ta tsaya ta gaban injin, ta karkata kai. Ta ce, "Hajiya, wannan ba fure ba ne. Rubutu ne."

Ziblim ya sha jinin jikinsa. Ya nemi maɓallin tsayarwa, ya danna wanda ya fi kusa, injin ya ƙara gudu. Ya danna wani, fitila ta kama. Ya durƙusa neman soket, ya zare wata waya, fanka ta tsaya. Faridatu kuwa ta ci gaba da karantawa da muryar aji, harafi-harafi, jama'ar bakin ƙofa suna maimaitawa bayanta, har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Mulikatu ta shigo da carbi a hannu daidai lokacin da injin ya yanke zare, ya yi ɗan kukansa na gama aiki. A tsakiyar farin mayafin amarya, da zinare, baƙaƙe masu tsawon tafin hannu:

INJINIYA ZIBLIM
BA MATSALA

Ba wanda ya yi dariya da farko, don kowa ya ga fuskar Mulikatu. Ta zauna a kan bencin nan, ta gaya wa Hajiya Memunatu gaskiya ba tare da ta ɓoye komai ba, cewa furen Azeta ya tafi, kuma laifinta ne da ta ba da amanar mamaciya a hannun mai surutu. Hajiya ta yi salati ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ziblim ya fara lissafin tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa, amma mutane sun cika ta.

Ana cikin haka Mma Lariba, da ta fita tun ɗazu, ta kutso tana mita. Ta ce ga tsummansu nan, ya rina mata ruwan wanke-wanke, ta ɗauraye shi, su karɓi abinsu kada a ce ta ci kayan mutane. Ta yarfa shi a kan tebur ya baje. Koren ƙyalle ne, sobolo ya mai da rabinsa ja. A tsakiyarsa ga reshe bakwai da 'yan ganye masu lanƙwasa.

Mulikatu ta ɗauke shi da hannu biyu. Ta ƙirga rassan da yatsa, ta sake ƙirgawa, ta manna shi a ƙirjinta da danshinsa. Sai hawayen farin ciki. Hajiya ta ce wallahi shi ne, ga ma inda Azeta ta nace a ƙara ɗan ganye a gefen hagu.

Ziblim ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. "Ban gaya muku ba? Sanyi yana adana bayanai. Na san abin da nake yi paa, sarai kuwa."

Mma Lariba ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne ka ce tsumma ne."

"Dabara ce, Mma. A Akra..."

"A Akra ma haka kake rubuta sunanka a kan matan mutane?"

Sai a lokacin dariyar da aka danne ta fashe, tun daga cikin shago har bakin titi. Mulikatu ta share ido ta ce da ƙyallen nan a gabanta za ta iya fitar da furen da hannu, ita da mata biyu, kafin a ɗaura aure, in dai an warware rubutun nan kafin la'asar ba tare da an huda mayafin ba. Hajiya Memunatu ta zaro allura daga kan tebur ta miƙa wa Ziblim. Ta sa aka fitar da benci waje inda haske yake, inda kuma kowa zai gani. Ya ce shi aikin ƙwaƙwalwa ya saba. Ta ce sun ga aikin ƙwaƙwalwar, yanzu na hannu suke so.

Ya zauna da firam a cinya, ya juya shi nan, ya juya shi can, ya tambaya da ƙaramar murya ta ina zai fara.

Hajiya ta ce, "Fara da kalmar farko. Sunan da ubanka ya raɗa maka ka bar shi ƙarshe."

Ranar Lahadi Zuhuratu ta fito da furen uwarta a kanta, reshe bakwai cif. Ziblim ma ya je bikin, yatsunsa uku naɗe da filasta. Tun daga ƙofa kowa ya gaishe shi da Ziblim tsura, kuma bai gyara wa kowa ba, don rabin Sabonjida suna tsaye lokacin da ya cire Injiniyan da hannunsa, harafi-harafi.